Tuna Baya: Gidajen Rediyon Bakin Iyaka Da Suka Taɓa Girgiza Amurka

Duk ɗan kasuwar da ya kwana biyu a duniya, wanda ya ci kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari ko Birnin Konni a shekarun 1970 da 1980, ba sai an ba shi labarin akwatin rediyon da ake ratayewa a jikin gwafar rumfa ba. Ana ciniki ana kasa kunne, da zarar an shiga filin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna sai ka ga an ɗaga wa mai saye hannu ya ɗan dakata, don a ji ko katin gaisuwar da aka aika ya isa. Mutum yana Maraɗi ya gai da ɗan'uwansa na Katsina, na Kumasi ya gai da na Kano, kuma babu jami'in kwastan ɗin da ya isa ya tare gaisuwar a hanya ya ce sai an biya mata kuɗin fito.

To, ashe ba mu kaɗai ba ne muke da irin wannan shaƙuwa da rediyo. A ƙasashen Amurka da Kanada akwai dattawa 'yan shekara 70 zuwa 80 waɗanda har yau idan aka ambaci wani gidan rediyon da ya daina kiɗa tun shekara 40 da suka wuce, sai ka ga sun gyara zama. Za su faɗa maka lambar da ake kamo tashar, da sunayen masu saka faifai ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da kowannensu yake kama aiki. Waɗannan tashoshi su ne ake kira Top 40, wato masu juya waƙoƙi 40 da suka fi tashe a mako. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, wasu daga cikin muryoyin da Amurkawa suka fi tunawa ba daga cikin Amurka suke fitowa ba, daga tsallaken iyaka ne. Labarinsu kuwa labarin kasuwa ne tsantsa.

Yadda abin ya samo asali

A farkon shekarun 1950 talabijin ta shigo gidajen Amurkawa da ƙarfinta, ta kwashe wasannin kwaikwayo da manyan 'yan wasa da masu ba da talla daga hannun rediyo, har wasu suka fara yi wa rediyo ta'aziyya. A daidai wannan lokaci ne wani matashi mai suna Todd Storz, wanda shi da mahaifinsa suka sayi wata ƙaramar tasha mai suna KOWH a birnin Omaha a 1949, ya fito da wata dabara. Ana ba da labarin cewa yana zaune ne a wani wurin shaƙatawa, sai ya lura mutane na ta jefa kwabbai cikin akwatin kiɗa suna zaɓar waƙoƙi ƙalilan, su ne dai ake ta maimaitawa har dare. Sai ya ce ashe mai saye ba tarin kaya yake nema ba, abin da ransa ke so yake nema, ko da sau goma ne a yini.

Wannan shi ne abin da duk mai rumfa ya sani, kayan da ke tafiya shi ake sawa a gaba. Storz ya watsar da sauran shirye-shirye, ya koma juya waƙoƙin da suka fi kasuwa dare da rana, kuma cikin ɗan lokaci tasharsa ta shige gaban sauran na birnin. Ya kai wannan salo New Orleans da Kansas City, shi ma Gordon McLendon ya ɗauka a tasharsa KLIF ta birnin Dallas, daga nan abin ya bazu ko'ina.

Kowane mako ma'aikatan tasha sukan buga waya shagunan sayar da faifai na garin su ji wane ne ya fi fita, su haɗa da roƙon masu sauraro, sannan su jera waƙoƙin daga ta 1 har zuwa ƙasa. Ana buga jerin a 'yar takarda a raba kyauta a shaguna. Saboda haka jerin Detroit daban yake da na Dallas, kowane gari da abin da kunnensa ke so. Da kuma ƙaramar rediyo mai batir ta shigo kasuwa a 1954, sai yara suka samu abin sakawa a ƙarƙashin matashin kai bayan iyaye sun ce a kwanta.

Mai kukan kyarkeci daga Meziko

Dokar Amurka ba ta yarda tasha mai matsakaicin zango ta wuce ƙarfin wat 50,000 ba. Amma a tsallaken kogin Rio Grande, cikin ƙasar Meziko, wannan doka ba ta aiki. Wanda ya fara cin moriyar wannan giɓi sosai shi ne wani mai suna John Brinkley, mai da'awar likitanci, wanda ya yi dukiya da yi wa maza dashen wani sashe na jikin bunsuru da sunan ƙara musu kuzari. Da hukumomi suka ƙwace lasisinsa na magani da na rediyo a jihar Kansas, sai ya tsallaka garin Villa Acuna da ke fuskantar Del Rio na jihar Tekzas, ya kafa tasha mai suna XER a 1931, ya ci gaba da tallar maganinsa ga Amurkawan da aka hana shi yi wa magana. Ƙarshensa dai bai yi kyau ba, don ya rasu a 1942 bayan ya tsiyace.

A wannan gari ne daga baya tashar XERF ta yi tashe da ƙarfin wat 250,000, wato ninki biyar na abin da aka yarje wa tashoshin Amurka. Da yake matsakaicin zango ya fi tafiya nesa idan dare ya yi, kamar yadda duk mai murɗa rediyo ya sani, sai ya zama ana kama ta a mafi yawan jihohin Amurka har cikin Kanada. Tsarin cinikin kuwa abin a jinjina ne: turken eriya yana Meziko, akwatin gidan waya yana Del Rio cikin Amurka. Ana tallar 'yan tsaki da magunguna da faya-fayai, masu sauraro su sako kuɗi cikin ambulan su aiko, a tura musu kaya. Masu wa'azin Kirista su ma suna sayen lokaci da tsada.

Nan ne a farkon shekarun 1960 wani saurayi haifaffen unguwar Brooklyn ta New York, mai suna Robert Smith, ya yi suna da laƙabin Wolfman Jack. Da wata irin murya mai kaushi yake magana, yana kukan kyarkeci a tsakanin waƙoƙi, yana saka kiɗan baƙaƙen fata wanda tashoshi da yawa suke ƙyama a lokacin. Shi bai ɗaure kansa da jerin waƙoƙi 40 ba, amma matasan da ke sauraron waɗancan tashoshi da rana su ne ke neman muryarsa da dare. Shekaru da dama ba wanda ya san fuskarsa, da yawa ma sun ɗauka baƙar fata ne, alhali Bature ne. Daga baya ya koma tashar XERB da ke kusa da Tijuana, inda yake ɗaukar shirinsa a kaset a Los Angeles, a tsallaka iyaka da kaset ɗin a watsa shi daga Meziko, muryar ta sake komowa Amurka ta iska.

A 1971 gwamnatin Meziko ta hana shirye-shiryen masu wa'azin nan, waɗanda su ne ke kawo kaso mafi tsoka na kuɗin tashar, sai cinikin ya karye. Wolfman ya ci gaba da sana'arsa a cikin Amurka, ya fito a fim ɗin American Graffiti a 1973, inda jama'a da yawa suka fara ganin fuskarsa. Ya rasu ranar 1 ga Yulin 1995 yana da shekara 57.

Matar da ke zaɓar waƙa a Kanada

A iyakar arewa kuma akwai tashar CKLW a garin Windsor na Kanada, wanda kogi ne kawai ya raba shi da Detroit, birnin ƙera motoci kuma mahaifar kamfanin waƙa na Motown. Lasisinta na Kanada ne, amma a wancan zamani yawancin masu sauraronta da masu ba ta talla Amurkawa ne. Daga 1967 ta rungumi salon Top 40 mai sauri, ba dogon surutu, ta zama gagara-badau a Detroit, ana kuma jin ta a Toledo da Cleveland da wasu jihohi da dama cikin dare.

Ƙashin bayan tashar wata mata ce, Rosalie Trombley, wadda ta fara aiki a matsayin mai amsa waya. Da aka ga kunnenta na gane waƙar da za ta yi kasuwa, sai aka ɗora mata alhakin zaɓar faya-fayai daga 1968 har zuwa 1984. Tana bin shagunan unguwannin baƙaƙen fata da na Turawa tana jin abin da ke fita, kuma duk waƙar da ta sa hannu a kai sai sauran tashoshin ƙasar su bi. Wakilan manyan kamfanoni sukan yi layi a ƙofar ofishinta suna jiran hukunci.

Ita ma wannan tasha doka ce ta fara karya lagonta. A 1971 hukumar Kanada ta wajabta cewa kashi 30 cikin 100 na waƙoƙin da irin waɗannan tashoshi ke sakawa su zama na 'yan ƙasa. Manufar ita ce a tallafa wa mawaƙan gida, kuma sun amfana, amma ga tashar da kasuwarta ke tsallaken kogi sai abin ya zama tamkar a tilasta wa mai rumfa ya cika kusan sulusin shagonsa da kayan da abokan cinikinsa ba su tambaya ba. Ga kuma tashoshin FM sun taso da sauti garau, matasa suka koma can. Zuwa 1984 an sallami yawancin ma'aikata, zamanin ya wuce.

Ranar da kiɗa ya tsaya

Ba tashoshin iyaka kaɗai abin ya shafa ba. Babbar tashar WABC ta New York, inda Dan Ingram da Bruce Morrow, wanda ake kira Cousin Brucie, suka yi suna, ta daina kiɗa da tsakar ranar 10 ga Mayun 1982 ta koma tashar hira, kuma har yau tsofaffin masu sauraronta suna iya faɗin inda suke a wannan sa'a. Sai kuma dokar sadarwa ta 1996 ta cire ƙayyadadden adadin tashoshin da kamfani ɗaya zai iya mallaka a faɗin Amurka, inda cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel kaɗai ya tara tashoshi kusan 1,200. Daga nan aka shiga yayin da mutum ɗaya zai zauna a wani birni ya ɗauki murya a kwamfuta, a watsa a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Jerin waƙoƙi ya zama ɗaya ko'ina, mai saka faifan da ya san sunan makarantar unguwa da shagon kan kwana ya yi wuyar samu.

Abin da ya rage

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma idan aka duba abin da waɗannan dattawa suke adanawa, za a ga ba waƙoƙin suke kewa ba, domin kowace daga cikinsu tana nan a wayar salula, latsawa ɗaya ta isa. Abin da suke nema ruwa a jallo shi ne tsofaffin kaset ɗin da wani yaro ya naɗa daga rediyo a ɗakinsa, masu ɗauke da muryar mai gabatarwa, da tallar shagon da ya daɗe da rufewa, da gaisuwar wata budurwa ga saurayinta. Suna musayar su, suna kuma tara 'yan takardun jerin mako kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. An yi fim na tarihin CKLW a 2004. Rosalie Trombley ta rasu a 2021, aka kafa mutum-mutuminta a bakin kogin Windsor a 2023, daura da birnin da ta yi shekaru tana zaɓa wa waƙa. Shi kuwa Cousin Brucie, tashar WABC ta sake kiransa a 2020 ya riƙa gabatar da shirin daren Asabar, yana da shekara 80 da ɗoriya, saboda masu sauraro ba su manta da shi ba.

Ɗan kasuwar bakin iyaka ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan labari. Ya san bambancin doka tsakanin tsallake biyu shi ke haifar da kasuwa, kuma sa hannu ɗaya a ofishin gwamnati yana iya watsa ta, kamar yadda aka gani lokacin rufe iyakokin Nijeriya a 2019, da kuma abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Ya kuma san cewa idan kasuwa ta watse, ba farashin kaya ake tunawa ba, mutanen da aka yi hulɗa da su ake tunawa.

Saura tambaya guda. Su can sun dace da yaran da suka naɗi muryoyin gwanayensu suka ajiye. Mu fa, ina muryoyin da suka riƙa karanto katunan gaisuwarmu? Duk wanda ya san yana da tsohon kaset a ƙasan adaka ko a lungun shago, wanda aka naɗo daga rediyo a wancan zamani, to kada ya bari yara su warware zarensa su yi wasa da shi. Ya nemi mai kwamfuta a kasuwa ya juye masa shi tun kafin zafi da ƙura su cinye.