A Duba Mudu Kafin a Yaba Gyara

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi ya san abin da ke biyo bayan mudun ƙarshe. Mai awo zai cusa hannu cikin buhu, ya ɗebo tafi guda na gero ya zuba maka, ya ce, “Ga gyara, Alhaji.” Ran mai saye ya yi fari. Amma mata masu sana'ar fura, da ke awo kowane mako, ba hannun mai awo suke kallo ba. Mudun suke juyawa su ga ko an bubbuga gindinsa ya shige ciki. Sun san mudun da aka rage wa ciki yana cinye abin da ya fi tafi guda tun kafin a zo kan gyaran.

Wannan wayon nasu nake so mu ɗauko zuwa aljihunmu, inda katuna da manhajojin kuɗi suka yi sansani. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin kuɗi mutane suka wuni a layi, har mai rake ya koyi karɓar kuɗi ta waya. OPay da PalmPay da Moniepoint suka shigo ƙauyuka, ga katunan Verve da Mastercard na bankuna. Kowanne yana kiran ciniki da irin nasa gyaran: garaɓasa in ka sayi katin waya, ɗan ragi a kan data, wasu nairori su dawo in ka biya kuɗin wuta.

Asalin wannan kiran ciniki daga Amurka yake. A can katin bashi ya zama ruwan dare, kuma tun tsakiyar shekarun 1980 katin Discover ya yi suna da mayar wa mai saye wani ɗan kaso na abin da ya kashe. Yawanci kashi 1 ko 2 cikin 100 ne. Kuɗin ba daga sama suke faɗowa ba. Mai shago ne ake cire wa wani abu a kowane ciniki, shi kuma ya lissafa shi cikin farashin kaya. Sauran ribar tana fitowa daga wanda ya kasa biyan bashinsa a ƙarshen wata, domin kuɗin ruwan irin waɗannan katuna kan haura kashi 20 cikin 100 a shekara.

Manomin arewacin Kano ya san wannan da wani suna. Ba-da-kaka ke nan: ka karɓi hatsi ko kuɗin taki da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ka biya da ƙari in an yi girbi. Ko mai bayarwa ya haɗa maka da goro da fara'a, buhunan da za su fita daga gonarka ba su ragu ba. Ina ganin duk katin da gyaransa ke rataye da bashi mai ruwa, musulmi ma ba sai ya kai ga lissafi ba, riba ta riga ta raba gardama. Mai son hulɗar da babu ruwa a ciki yana da Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da ya biyo baya a 2019.

Sai dai akasarinmu ba katin bashi muke riƙe da shi ba, namu na cire abin da muka ajiye ne. A nan mudun shi ne caji. Akwai harajin naira 50 a kan turawar da ta kai naira 10,000, wanda tun Disambar 2024 ya shafi manhajojin waya su ma. Daga 1 ga Maris 2025, cire kuɗi a na'urar wani banki da ba naka ba ya koma naira 100 a kan kowace 20,000. Ga ladan mai POS, wanda shi ma da haƙƙinsa, tunda shi ya ɗauki kasadar yawo da tsabar kuɗi. A ce manhaja ta mayar maka da naira 30 a kan katin waya, amma a makon ka biya 300 wajen cire kuɗi. Gero nawa ya rage a kwaryarka?

Shi ya sa zaɓin kati ba ya farawa daga talla, daga gida yake farawa. Mutum ya zauna da littafi wata guda ya rubuta inda kuɗinsa ke tafiya. Malamin makaranta da ke sayen data da biyan kuɗin wuta ta waya zai iya cin moriyar garaɓasa, domin dama can zai kashe kuɗin. Dillalin shanu a kara kuwa, da ke tura miliyoyi zuwa Legas, me ragin data zai tsinana masa? Shi buƙatarsa kuɗi su shiga nan take, iyakar turawa ta yi faɗi, in kuma sun maƙale a sami wanda za a kai wa kuka. Mai noman rani a bakin madatsar Tomas kuɗinsa na zuwa ne a dunƙule, su kwanta watanni. Nasa tunanin ya kamata ya tafi kan amincin ma'ajiyar: tun 2024 hukumar NDIC ke lamunce ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran da ke jan mutum sayen abin da bai yi niyya ba. Na ga samari suna loda data fiye da buƙata don kada garaɓasa ta wuce su, wa'adi ya cika rabinta ya ƙone. Mai fura ba ta ƙara mudu biyar don kwaɗayin tafi guda. Daga gida ta ƙidaya kwanukan da za ta sayar a mako, ta ƙulle kuɗinsu a haɓar zane, kuma in mudun wannan rumfa bai yi mata ba, sai ta ɗauki kwaryarta ta matsa ta gaba.