Maganin Daidaita Bugun Zuciya Bayan Tiyatar Bawul: Abin da Iyalai Ya Kamata Su Sani

Idan aka yi wa mahaifi ko mahaifiya tiyatar bawul ɗin zuciya, akan sallame su da jerin magunguna. Wanda ya fi ɗaga hankalin 'ya'ya a cikinsu shi ne amiodarone, wanda ake sayarwa da sunan Cordarone da wasu sunaye. Takardar da ke cikin kwalinsa ta ambaci illa ga huhu da hanta da ido da fata, har mai karatu ya fara tunanin ko maganin ya fi cutar haɗari. Daga nan wasu iyalan sukan dakatar da shi da kansu, wasu kuma su ga alamun matsala su yi shiru har abin ya yi nisa. Duka biyun suna iya jefa rai cikin haɗari. Wannan bayani zai taimaka muku ku san dalilin ba da maganin, da abin da za ku sa wa ido, da lokacin da ya kamata a garzaya asibiti.

Me ya sa aka rubuta maganin?

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma wani saƙon lantarki ne da ke tasowa daga ɗakin sama na dama yake tsara bugunta. Bayan tiyata, kumburin da aikin ya bari, da sauyin gishirin jini irin su fotashiyam da magneziyam, da wahalar da jiki ya sha, suna iya rikita wannan saƙo. Sai ɗakunan sama su riƙa karkarwa maimakon su matse yadda ya dace, bugun ya yi sauri kuma ya rasa tsari. A takardar asibiti za ku ga an rubuta wannan matsala da haruffan AF.

Kimanin mutum 1 cikin 3 da aka yi wa tiyatar zuciya yakan same ta, kuma ta fi haka yawa bayan aikin bawul. Ta fi zuwa a rana ta 2 ko ta 3 bayan aiki. Tsofaffi sun fi kamuwa, haka ma waɗanda bawul ɗinsu ya daɗe da lalacewa har ɗakin sama ya buɗe, kamar masu ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wanda yake da yawa a ƙasashenmu.

Haɗarinta iri biyu ne. Zuciyar da ba ta gama warkewa ba tana galabaita idan ta daɗe tana gudu. Sannan jini yana iya kwanciya a ɗakin da ke karkarwa ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. An zaɓi amiodarone ne saboda yana cikin magunguna kaɗan na irinsa da za a iya ba mai raunin zuciya ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan.

Ga mafi yawan waɗanda matsalar ta fara musu bayan tiyata, bugun yakan koma daidai cikin mako 6 zuwa 8. Don haka sau da yawa na ɗan lokaci ne ake ba da maganin, daga makonni zuwa wata uku, sannan likita ya sake dubawa. Wanda yake da AF tun kafin tiyata yana iya buƙatarsa fiye da haka.

Yadda maganin yake zama a jiki

Amiodarone yana taruwa a kitse da hanta da huhu, kuma yana fita a hankali ƙwarai. Bayan an daɗe ana sha, jiki yakan ɗauki kusan wata biyu kafin ya fitar da rabinsa. Saboda sai ya taru kafin ya yi aiki sosai, akan fara da yawa sannan a rage. Wani tsari da aka saba shi ne miligiram 200 sau uku a rana na mako ɗaya, sau biyu a rana na mako na biyu, daga nan sau ɗaya a rana. Likitanku na iya bin wani tsarin daban.

A nan ne ake yawan samun kuskure. Magani ya ƙare, a ɗauki tsohon kwali a je kemis a sayo wani, a ci gaba da sha sau uku a rana har watanni. Ku tabbata an rubuta muku ranar da za a rage da ranar da za a sake duba ko a daina. Idan an manta ba a sha ba sau ɗaya, a ci gaba da na gaba a lokacinsa, kada a ninka.

Manyan illolin da kuka karanta sun fi alaƙa da yawan maganin da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha. Wanda zai sha na makonni kaɗan haɗarinsa bai kai na mai shekaru a kansa ba, duk da haka a sa ido.

Illolin da aka fi gani, masu sauƙi

Tashin zuciya, rashin sha'awar abinci, ɗanɗanon ƙarfe a baki, maƙarƙashiya, rashin barci ko munanan mafarkai, da 'yar rawar hannu. Sun fi zuwa a makonnin farko lokacin da ake shan da yawa, kuma sukan lafa idan an rage. Shan maganin tare da abinci yana rage tashin zuciya. Ku tuna kuma cewa gajiya da rashin cin abinci suna biyo bayan kowace babbar tiyata, musamman idan jini ya yi ƙasa, don haka ba kowane ƙorafi ne laifin magani ba. Ku faɗa wa likita a ganin gaba.

Illolin da ke buƙatar kulawa

*Ƙwayar tayrod ta wuya.* Kowace ƙwayar miligiram 200 tana ɗauke da aidin kimanin miligiram 75. Kaɗan ne daga ciki ke shiga jini, amma ko shi ya ninka abin da jiki ke buƙata a rana sau da yawa. Wannan yana iya rage aikin tayrod ko ya ƙara shi, kuma yana samun mutum 1 zuwa 2 cikin 10 na waɗanda suka daɗe suna sha. Idan aikinta ya ragu, za ku ga kasala, jin sanyi, ƙiba, yawan barci da mantuwa, abubuwan da akan ɗauka tsufa ne kawai. Idan ya ƙaru, sai rama duk da ana cin abinci, zufa, jin zafi, rashin natsuwa, da dawowar saurin bugun zuciya. Wanda yake da maƙoƙo ya sanar da likita tun kafin a fara. Raguwar aikin tayrod ana gyara ta da magani, sau da yawa ba tare da an daina amiodarone ba.

*Huhu.* Wannan ce illar da likitoci suka fi tsoro, ko da yake kaɗan take samu, kimanin mutum 1 zuwa 5 cikin 100 na masu dogon sha. Alamunta busasshen tari da ba ya tafiya, haki da ke ƙaruwa, wani lokaci da zazzaɓi da rama. Kada a ɗora wa ƙurar hunturu a zauna. Ruwa a ƙirji bayan tiyata, da raunin zuciya, da namoniya, da tarin fuka duk suna kama da ita, kuma gwaji ne kaɗai zai bambanta su. Idan an gano da wuri aka daina maganin, yawanci huhu yana farfaɗowa.

*Hanta.* Sau da yawa a gwajin jini kawai ake ganin sauyi. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko ana ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, a je asibiti. Kada a ce shawara ce a nufi jiƙo.

*Ido.* Kusan duk mai dogon sha yakan samu ƙananan ɗigo a saman ido, waɗanda ba sa makantarwa kuma suna gushewa bayan an daina. Wasu sukan ga zobe kewaye da fitila da dare. Amma raguwar gani, musamman farat ɗaya, tana buƙatar likitan ido da gaggawa, domin a wasu 'yan lokuta maganin yana taɓa jijiyar gani.

*Fata da jijiyoyi.* Rana takan ƙona fata cikin sauƙi, har ga masu duhun fata. A guji ranar tsaka, a sa hula mai faɗi ko mayafi da tufafi masu rufe hannu. Dindiris ko jin tsira a ƙafa, da tangaɗi wajen tafiya, a faɗa wa likita, domin faɗuwa ga mai shan maganin tsinka jini babban haɗari ne.

*Jinkirin bugun zuciya.* Hanyar lantarkin zuciya tana bi ta kusa da bawul, don haka tiyatar kanta tana iya rage bugu, maganin kuma ya ƙara ragewa. Ku koyi ƙirga bugu a wuyan hannu na minti ɗaya cikakke, ku rubuta kullum. Idan ya sauka ƙasa da 50, ku kira likita a ranar.

Amiodarone da warfarin

Wannan haɗi ya fi kowace illa saurin jawo matsala a makonnin farko. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe zai sha warfarin har ƙarshen rayuwa, wanda aka sa wa na naman dabba kuma sau da yawa na kimanin wata uku, ko fiye idan yana da AF. Amiodarone yana hana hanta sarrafa warfarin, sai ƙarfinsa ya hau, jini ya tsinke fiye da kima. Shi ya sa likitoci sukan rage warfarin da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, su riƙa gwajin INR aƙalla duk mako a farko, domin tasirin yana ci gaba da hawa har kusan mako 7.

Akwai kuma ɓangaren da aka fi mantawa. Bayan an daina amiodarone, tasirinsa yana janyewa a hankali cikin watanni, INR ya riƙa sauka. Idan ba a ƙara warfarin ba, jini na iya daskarewa a kan bawul na ƙarfe. Don haka gwajin INR ya ci gaba akai-akai bayan an daina.

Magungunan da ba a haɗa su da shi sai da izinin likita

- Magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su kwinin, kulorokwin, da Coartem da ire-irensa. Haɗa su da amiodarone na iya jawo mummunan rikicin bugun zuciya. Idan zazzaɓi ya zo, a je asibiti a yi gwaji, domin zazzaɓi ga mai sabon bawul na iya zama alamar ƙwayoyin cuta sun kama bawul ɗin.
- Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su erythromycin, clarithromycin, ciprofloxacin da levofloxacin.
- Digoxin: amiodarone yana ɗaga yawansa a jini, don haka akan rage shi da rabi. Amai, ruɗewa da ganin abubuwa rawaya-rawaya alamun ya yi yawa ne.
- Simvastatin: ba a wuce miligiram 20 a rana.
- Sofosbuvir, maganin ciwon hanta nau'in C.
- Lemun garehul da ruwansa, da duk wani maganin gargajiya.

Gudawa, amai, da maganin sa fitsari irin furosemide suna zubar da fotashiyam, kuma ƙarancinsa yana ƙara haɗarin rikicin bugu. Idan gudawa ta wuce yini ɗaya, a nemi likita.

Wasu majinyatan kuma bisoprolol ko metoprolol ake ba su don rage saurin bugu. Suna iya kawo kasala, sanyin hannu da ƙafa, da jiri idan an miƙe da sauri, kuma suna iya tayar da asma. Su ma ba a yanke su farat ɗaya.

Gwaje-gwajen da ake bi

Kafin a fara ko a farkon sha: gwajin tayrod, gwajin hanta, fotashiyam, hoton ƙirji da ECG. Idan za a ci gaba da sha, a maimaita na tayrod da na hanta duk wata 6. Matsalar tayrod tana iya ɓullowa watanni bayan an daina, don haka akan ci gaba da dubawa har kusan shekara. Idan a Indiya ko Masar ko wani gari mai nisa aka yi aikin, ku kai takardar sallama ga likitan zuciya a asibitin koyarwa ko na ƙwararru mafi kusa da ku tun makon da kuka dawo, domin a samu wanda zai ɗauki nauyin gwaje-gwajen da yanke shawarar ranar dainawa.

A garzaya asibiti nan take idan an ga:

- Suma, ko jiri mai tsanani
- Numfashi na ƙyar ko ciwon ƙirji
- Bugun zuciya mai tsananin sauri da bai lafa ba
- Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana
- Haɓon da ya ƙi tsayawa, aman jini, jini a fitsari, ko baƙin bayan gida kamar kwalta
- Faɗuwa da buguwa a kai, ko da ba a ga rauni ba
- Raguwar gani farat ɗaya

Tambayoyin da za ku yi wa likita

Don me aka ba Baba ko Mama wannan magani, kuma har yaushe? Yaushe za a rage? Wane adadin INR ake so, kuma yaushe ne gwaji na gaba? An yi gwajin tayrod da na hanta? Wa za mu kira idan wani abu ya taso da dare?

Ya fi kyau mutum ɗaya a gida ya riƙe littafin magani, ya rubuta sunan kowanne da lokacin shansa, da bugun zuciya na kullum da sakamakon INR, kuma a tafi da littafin da kwalayen duk inda za a ga likita ko mai ba da magani. Idan wata illa ta dame ku, ku faɗa wa likitan zuciya kafin ku taɓa maganin. Yana iya rage shi, ko ya sauya shi, ko ya ga lokacin dainawa ya yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.