Darasin Tattalin Arziki: Daga Ƙofar Durbi Zuwa Zauren Jarrabawa

Duk ɗalibin da ke tsayawa a bakin Ƙofar Durbi da sassafe yana jiran Keke Napep, ya fara darasin tattalin arziki tun kafin ya kai aji. Kuɗin da ke aljihunsa ba zai isa kuɗin mota da ƙosai da sabon biro gaba ɗaya ba. Ko ya hau keke ya haƙura da ƙosai, ko ya taka da ƙafa ya karya kumallo. Abin da ya haƙura da shi, shi ne ainihin farashin abin da ya zaɓa. Wannan shi ne babin farko da malami zai koya maka a SS1: buƙatu ba su ƙarewa, abin biyansu kuwa kaɗan ne, saboda haka dole a yi zaɓi.

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar darasin a matsayin hadda kawai. Alhali kusan kowane babi nasa ya riga ya faru a gaban idonka a nan Katsina.

Ɗauki babin buƙata da wadatar kaya. Lokacin sanyi, idan manoman rani suka kwaso tumatir, kwando yakan yi arha har wani ya ruɓe a kasuwa. Da damina ta kankama sai ya yi wuya, farashi ya haura. Rago kuma, ana saura mako guda Babbar Sallah sai ya yi tsada a kasuwannin Charanci da Mai'aduwa, domin masu nema sun yi yawa. A tumatir yawan kaya ne ya canza. A rago yawan masu saye ne. Ɗalibin da ya rarrabe waɗannan biyu ba zai ruɗe wajen zanen jadawali ba.

Babin cinikayya tsakanin ƙasashe ma ba baƙo ba ne ga Bakatsine. A ƙarni na 18 birnin nan ya kasance babbar matattara ta fataken da ke ratsa Sahara. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta yi tsit, shinkafa ta yi tsada, har zuwa Disambar 2020 da aka fara buɗewa. Wa ya ci riba, wa ya yi asara? Manomin shinkafa ya sami kasuwa, magidanci mai saye ya ji a jikinsa. Irin wannan auna riba da asara ake so ka iya.

A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, mutane sun riƙa biyan kuɗi wajen masu POS don su karɓi kuɗinsu na kansu: ga babin kuɗi da aikin Babban Bankin Najeriya. Ranar 29 ga Mayun 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kayan masarufi suka bi shi. Zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Yaya ake samun irin wannan adadi? A ce tiyar gero bara naira 2,000 ce, bana 2,600. Ƙarin 600 ne. Raba 600 da 2,000, ka ninka da 100, ka sami kashi 30.

Nan ne gizo ke saƙar: lissafi. A tsarin WAEC da aka saba, takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya. Ta biyu tambayoyi takwas ce, ka amsa huɗu cikin awa biyu, kuma ɗaya tilas ta fito daga sashen da ake ba ka alƙaluma ko zane ka fassara. Wanda ya guji lissafi ya zubar da makin wannan sashe tun daga gida. Haka nan mai son karanta fannin a jami'a, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Ahmadu Bello ta Zariya, yana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma zai rubuta Lissafi a JAMB.

Hanyar tana kaiwa nesa. Sanusi Lamido Sanusi tattalin arziki ya karanta a Zariya, ya shugabanci Babban Banki daga 2009 zuwa 2014. Ngozi Okonjo-Iweala ma shi ta karanta, tun 2021 take jagorantar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Ko ba ka kai can ba, wanda zai gaji shagon mahaifinsa yana buƙatar sanin bambancin ciniki da riba.

Ga aikin da za ka fara a wannan makon. Ka keɓe shafi ɗaya, ka zaɓi kaya biyar da ake saye a gidanku, ka rubuta farashinsu kowace Asabar har ƙarshen zango. Duk wanda ya motsa, ka tambayi mai shago dalili, sannan ka nemi sunan dalilin da Turanci a littafinka, tunda da Turanci za ka amsa jarrabawa. Kafin hutu za ka tara misalai naka na kanka, waɗanda ba ka haddace daga kowa ba.