Gwajin HPV ba shaidar cin amanar aure ba ne

Wani saƙon murya da ke yawo a zaurukan WhatsApp na mata ya jero zarge-zarge uku kan gwajin sankarar bakin mahaifa, wato dajin da ke kama ƙofar mahaifa. Biyu daga ciki ba su cancanci dogon bayani ba: gwajin ba ya hana haihuwa, domin ɗan tsinke ne mai auduga ake shafawa a ɗauko ruwan gaba, abin da mace kan iya yi da hannunta, sannan tsugunno a kan turare ko shan tsimi ba sa kashe ƙwayar cutar, wato HPV. Na ukun ne mai ɓarna, wanda ke cewa duk matar da aka samu ƙwayar HPV a jikinta ta ci amanar mijinta, kuma daji ya riga ya kama ta.

Akwai ƙwayar gaskiya a maganar, shi ya sa take shiga zuciya. Ta hanyar saduwa HPV ke yaɗuwa, kuma nau'ointa biyu, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan daji. Sai dai ƙwayar ta zama ruwan dare, har yawancin masu aure, maza da mata, sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da wata alama ba, kuma tana iya lafewa shekaru kafin gwaji ya gano ta. A gidan da miji ke da mata biyu ko uku, ko ya auri bazawara, ko shi ma ya taɓa wani aure, ƙwayar na iya zagayawa ta halastacciyar hanya. Gwajin ba ya faɗin ranar da ta shiga jiki, ba ya faɗin daga wa ta fito, kuma ba a saba yi wa maza irinsa ba. Wanda ya naɗi saƙon ya ɗora wa matan mutane ƙazafin da shari'a ba ta karɓa sai da shaidu huɗu, bisa abin da ko likita ba zai iya rantsuwa a kansa ba. Matar da ta tsorata ba abar zargi ba ce, domin aurenta take karewa.

Haka nan samun ƙwayar ba daji ba ne. Garkuwar jiki kan kawar da mafi yawanta cikin shekara biyu, wadda ta liƙe kuwa takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwa. Don rarrabe wadda ke cikin haɗari ne ake ƙarin bincike, ko dai a shafa ruwan khal a bakin mahaifa a ga inda ya yi fari, ko, inda akwai kayan aiki, a nemi p16 da Ki-67, wasu sinadarai ne da bayyanarsu tare a ƙwayar halitta guda ke nuna ta fara rikiɗa. Idan an kama abin a wannan mataki, da ɗan ƙarfe mai zafi ko mai sanyi ake kashe wurin cikin mintuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2021 cewa mace ta fara gwajin HPV daga shekara 30, ta maimaita duk shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da HIV kuwa daga shekara 25. Ya kamata magidanta su raka iyalansu asibiti, wanda saƙon ya iso wayarsa kuma kada ya tura shi gaba.