Me ya sa Game Boy ta kayar da na'urorin da suka fi ta ƙarfi?

A shekarar 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy, ƴar na'urar wasan bidiyo da ake riƙewa a hannu. Ko a lokacin kayan cikinta ba sabbi ba ne, kuma da gangan injiniya Gunpei Yokoi ya zaɓe su haka.

Ƙwaƙwalwarta, ƙirar kamfanin Sharp, gudunta megahaz 4 ne da ɗoriya. Wayar Android mafi araha a kasuwa yau ta ninka ta sau ɗaruruwa. Allon ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye. Babu launi sai inuwa huɗu masu kama da kore, babu kuma fitila a bayansa, shi ya sa da dare sai an nemi haske. Hoton ma jera shi ake yi da ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 a kowane gefe, kamar tubali, ana maimaita su don ƴar ma'ajiyar hoto ta kilobait 8 ta isa. Hanyoyin sauti huɗu ne kacal, ɗayarsu ƙara ce zalla, da ita ake yin ganga da fashewa.

Duk wannan tsimi saboda pil ne. Game Gear ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1990 da allo mai launi da fitila, tana cinye pil shida cikin awa uku zuwa biyar. Pil huɗu kuwa suna kai Game Boy sama da awa goma, ga ta da sauƙin kuɗi. Iyaye ke sayen pil ɗin. Haɗe da Game Boy Color da ta biyo baya, an sayar da sama da miliyan 118.