Dole Ne Ɗanka Ya Zama Likita?

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Ɗambatta, gona ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. Gonar da uba ɗaya ya noma jiya, yau 'ya'ya biyar ke rabonta. Saboda haka in yaro ya nuna ƙwazo a makaranta, sai uba ya yanke magana tun bai gama firamare ba, ya ce, "Wannan likita zai zama." Mu malamai mun saba jin haka, amma da wuya mu ji an tambayi yaron.

Iyaye suna da dalilansu. Wani ya rasa mata wajen haihuwa don asibiti ya yi nisa. Wani yana so a ce da shi "Baban Likita" a ƙofar majami'a. Wani kuwa albashin yake hange, domin tsufansa. Dalili na fari abin yabo ne, sauran biyun kuwa sai a auna su a gaban Allah.

Hanyar ba gajera ba ce. Sai yaro ya ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa a Turanci da fannonin kimiyya uku. Sa'an nan ya yi shekara 6 a jami'a, kamar Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya, da shekara 1 ta koyon aiki a asibiti, da 1 ta bautar ƙasa. Damina takwas ke nan ana sayar da gyaɗa da awaki, wani lokaci har a jinginar da gona. In ba zuciyar yaron ce ta zaɓa ba, zai iya faɗuwa a tsakiya, ya ji kunyar dawowa gida. An yi ba wan ba ƙanen.

Iyaye sukan ambaci manyanmu na Wusasa. Gaskiya ne Dokta R.A.B. Dikko, wanda ya yi karatu a Ingila, shi ne likita na farko daga Arewa. Farfesa Ishaya Audu kuma, likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Amma mu tuna da Asibitin Ido na Kano da mishan ta buɗe a 1943, da asibitin kutare na Yadakunya. Ba likitoci kaɗai suka riƙe su ba. Akwai nas-nas, da masu haɗa magani, da masu wanke gyambo, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Ƙauyukanmu suna bukatar ungozoma da malamin asibiti da malamin gona kamar yadda suke bukatar likita.

To, ya ku iyaye, ga shawara. Ku je wurin malamin ajin yaron, ya faɗa muku gaskiyar ƙarfinsa a lissafi da kimiyya. Lokacin hutu ku roƙi malamin asibitin garinku ya bar shi ya taya shi shara da ɗebo ruwa, ku ga ko zai jure wari da kukan majinyata. Sa'an nan ku zaunar da shi, ku tambaye shi, ku yi shiru har ya gama magana.

Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa sura 6 kada su tsokani 'ya'yansu. Allah ne mai raba baiwa. Namu shi ne mu gane ta, mu yi addu'a, mu biya kuɗin makaranta.