IYA RUWA FID DA KAI: Bayani Ga Samari Masu Niyyar Shiga Soja

Kowace shekara samari da yawa daga Minna da sauran sassan Jihar Neja sukan nemi shiga aikin soja. Yawancinsu sukan shirya da gudu da motsa jiki, amma kaɗan ne suke tunawa da iyo. Domin su da iyayensu aka rubuta wannan takarda.

Me ya sa soja yake bukatar iyo?

Ba a tudu kaɗai ake tsaron ƙasa ba. Tun 1956 aka kafa rundunar sojan ruwa ta Nijeriya, a 2006 kuma ta kafa ƙungiyar zaratan mayaƙa da ake kira SBS, masu aiki cikin ƙananan jiragen ruwa. Sojan ƙasa ma suna da makarantar koyon yaƙin ruwa da tudu a Kalaba. Yaron da ya tashi a Minna, garin da hedkwatar tsara horon sojan ƙasa take, ana iya tura shi fadamun Neja Delta ko Tafkin Chadi. Saboda haka wanda ke burin shiga irin waɗannan ƙungiyoyi, tilas ne ya saba da ruwa tun kafin ranar zaɓe.

Iyon soja dabam yake da wankan rafi

Mai wankan rafi da gajeren wando yake shiga, in ya gaji ya fito. Soja kuwa yakan shiga da tufafi da takalma, wani lokaci da kaya, cikin dare, bayan doguwar tafiya. Jiƙaƙƙen tufa yana riƙe hannu da ƙafa, tsoro kuma yana cinye numfashi. Don haka natsuwa da jimiri sun fi sauri amfani.

Matakan koyo

1. Fara a ruwan da bai wuce ƙirjinka ba. Koyi sa fuska a ruwa kana fitar da iska ta hanci.

2. Koyi kwanciya rigingine a kan ruwa. Da wannan ne mai gajiya yake hutawa.

3. Koyi tsayawa a wuri ɗaya cikin ruwa mai zurfi, kanka a waje, kana motsa hannu da ƙafa a hankali.

4. Ƙara nisan iyonka kaɗan-kaɗan kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Sai ka ƙware sa'an nan ka gwada da riga da dogon wando, malaminka yana kusa.

Gargaɗi

Kada ka shiga ruwa kai kaɗai, kome gwanintarka. Nemi tafkin iyo da aka gina, mai malami da mai ceto. Guji madatsun ruwa irin na Tagwai da Shiroro da Kainji, musamman ƙasan inda ake sakin ruwa, domin yana iya ƙaruwa farat ɗaya. Kogin Chanchaga ma ba wurin koyo ba ne da damina.

Kada ka yi gasar riƙe numfashi. Wanda ya yi ta jan iska da sauri kafin nutso yakan daina jin bukatar numfashi, har ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da wata alama ba. Gwanaye ma sun halaka ta haka.

Kududdufi da ruwan da ba ya gudu sukan ɗauki tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya hanzarta zuwa asibiti, akwai magani, kuma gara a warke kafin gwajin lafiya na ɗaukar soja.

Kira ga iyaye

Hana yaro kusantar ruwa ba ya kare shi har abada. Hatsarin jirgin ruwa da aka yi a Gbajibo, ƙasar Mokwa, cikin Oktoba 1ga wata na 2024 ya ci rayuka da yawa, ya kuma nuna cewa iyo da sa rigar hana nutsewa bukatar kowa ce. Ku nema wa 'ya'yanku malami amintacce tun suna ƙanana. Ko an ɗauke su soja ko ba a ɗauke su ba, kun ba su abin da zai ceci ransu, wataƙila har da na wani.